Magana a Ƙarƙashin Ruwa: Tarihin Gwaje-gwajen Aika Saƙo da Sauti a Cikin Teku

Gabatarwa

Ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, a yammacin Zamfara, ƙasa ce ta gulbi da fadama, tsakaninta da teku kuwa akwai fiye da kilomita 600. Duk da haka mazauna bakin Gulbin Zamfara ba baƙi ba ne ga batun wannan maƙala. Masunci ya san kurungu kifi ne mai kuka, yakan motsa ƙayarsa ta gefe ya fid da wata ƙara kamar ta tsohon ƙyaure. Yaron da ya saba nutso ya san idan wani ya gwara duwatsu biyu a cikin ruwa, ƙarar takan zo masa tamkar a cikin kansa aka buga, amma ba ya iya faɗin gefen da ta fito. Mata masu kiɗan ruwa su ma sun san ƙwaryar da aka kifa bisa ruwa tana da wata murya wadda ba ta da ita a bisa ƙasa. Watau dai an daɗe da sanin ruwa yana ɗaukar sauti, kuma yana jirkita shi.

Wannan maƙala za ta bi tarihin ƙoƙarin da aka yi tun daga 1826 na mai da wannan sani hanyar aika saƙo a cikin teku. Abin da tarihin ke nunawa shi ne, ba nisa ne babban abin da ya hana saƙo isa ba, amsa-kuwwa ce. Kuma ba a gane haka a ɗakin gwaji ba, sai da aka yi ta fita da jirage ana ganin lissafin takarda yana ƙin aiki. Maganin da aka tsaya a kai daga baya kuwa, makaɗin kalangu zai iya gane shi ba tare da dogon bayani ba.

Dalilin dogara da sauti a fili yake. Igiyar rediyo irin wadda ke kawo tashar Kaduna har Gummi ba ta ratsa ruwan gishiri sai ɗan taƙi, haske ma ba ya nisa. Sauti ne kaɗai ke tafiya mai tsawo. Yana cin kimanin mita 1,500 a sakan ɗaya cikin teku, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska, amma rediyo ya fi shi sauri sau 200,000. Wannan jinkiri shi ne tushen yawancin wahalar da za a gani a gaba.

Daga Ƙararrawa zuwa Tangaraho

Gwaji na farko da masana ke kafa hujja da shi ba a teku aka yi shi ba, a Tafkin Janiba ne, tsakanin Switzalan da Faransa, cikin 1826. Daniel Colladon, wanda ya yi aikin tare da Charles Sturm, ya ajiye kwale-kwale biyu, tsakaninsu kilomita 13 da ɗoriya. A na farko aka rataya ƙararrawa cikin ruwa, aka shirya guduma yadda lokacin da za ta bugi ƙararrawar shi ne lokacin da wuta za ta kama albarushi a sama. Shi kuwa yana zaune a na biyu da dare, kunnensa a bakin wani dogon bututu da aka zura cikin ruwa, agogo a hannu. Da ganin walƙiya sai ya fara ƙidaya, bayan sakan tara da 'yan kai ƙarar ta iso. Lissafinsa ya ba da mita 1,435 a sakan, kuma abin da na'urorin yau ke bayarwa a ruwan daɗi mai irin wannan sanyi bai bambanta da nasa ba sai da 'yan mitoci.

An ɗauki shekara saba'in da biyar kafin a ci moriyar wannan. A 1901 aka kafa kamfanin Submarine Signal a Bostan ta Amurka, wanda ya riƙa rataya ƙararrawa a ƙarƙashin ruwa kusa da wuraren haɗari, domin idan hazo ya rufe teku fitila ba ta da amfani, ƙaho kuma iska takan karkatar da muryarsa. Jirgi yakan ɗauki na'urar sauraro biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, matuƙi ya yi ta juya akala har ƙarfin ƙarar ya daidaita a kunnuwan biyu, sa'an nan ya san ƙararrawar tana gabansa. Sai dai ƙararrawa kalma ɗaya gare ta, "ga ni nan", kuma sau da yawa rugugin injin jirgin kansa yakan danne ta.

Nutsewar Titanic a watan Afrilu na 1912, inda mutum fiye da 1,500 suka halaka, ita ta sa aka ƙara ƙaimi. Reginald Fessenden, mutumin Kanada, ya ƙera wa kamfanin wani faifan ƙarfe mai kauri wanda lantarki ke kaɗawa sau 540 a sakan. Da yake ana iya kunna shi a kashe yadda aka so, sai ya zama ana iya buga baƙaƙen Morse da shi kamar wayar tangaraho, an kuwa gwada haka tsakanin jirage a tashar Bostan. A watan Afrilu na 1914 aka fita da shi teku a jirgin Miami, ya jiyo amsa-kuwwar wani tsaunin ƙanƙara daga nisan kusan mil biyu. A wannan fita ce kuma aka lura da wata amsa ta biyu da ke dawowa, wadda ta tabbata daga ƙasan teku take. A ranar an yi murna da ita, domin ta ba da hanyar auna zurfi. Ita ce kuwa za ta zame wa masu aika saƙo ƙarfen ƙafa har shekara tamanin.

Yaƙin Duniya na Farko ya kawo aikin Paul Langevin a Faransa, wanda ya samo hanyar fid da siririn sauti mai ƙarfi, daga nan aka sami na'urar laluben jiragen ƙarƙashin ruwa da ake kira sona. Abin da ya fi dacewa da wannan bayani shi ne abin da ya faru da ita a shekarun 1930, lokacin da sojan ruwan Amurka ke gwada ta a jirgin Semmes wajen Guwantanamo ta Kuba. Da safe na'ura lafiya lau, da rana ta take sai ta kurumce. Har an zargi ma'aikata da gyangyaɗi bayan cin abinci. Sai da masanan cibiyar nazarin teku ta Woods Hole suka auna zafin ruwa daki-daki aka gane laifin rana ne. Idan ta gasa saman teku, sauti yakan fi sauri a ruwan ɗumin da ke sama, saboda haka sai ya lanƙwasa ya yi ƙasa, ya bar wani yanki kamar inuwa inda jirgi zai fake ba a ji shi ba. Babu wani kwatarnin gwaji da zai nuna wannan, domin ba ya da rana ba ya da zurfi.

Tarho da Abin da Ya Sami Thresher

A wajejen 1945 sojan ruwan Amurka suka fara aiki da tarhon ƙarƙashin ruwa, wanda ma'aikatan jirage suka laƙaba wa suna Gertrude. Yakan ɗauki muryar mutum ya ɗora ta bisa sauti mai kaɗawa sau 8,000 zuwa 11,000 a sakan, na'urar da ke can ɗaya gefen ta sauke ta ta koma magana. Yana kai 'yan kilomitoci. Amma muryar takan iso kamar ta mai magana daga cikin rijiya, kowace gaɓa tana jan jelarta bisa ta bayanta. Abin da ke ceton saƙon shi ne ƙwaƙwalwar mai sauraro, wadda ta san harshen, ta san abin da ya kamata a ce, sai ta cike giɓin da kanta.

Iyakar wannan dabara ta bayyana ranar 10 ga Afrilu, 1963. Jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Thresher, bayan ya fito daga gyara, ya tafi gwajin nutso mai zurfi kimanin kilomita 350 gabas da gaɓar Amurka, jirgin Skylark yana bisa ruwa yana yi masa rakiya, tarhon nan ne kaɗai ke haɗa su. Da ƙarfe 9:13 na safe aka ji saƙo cewa an sami 'yar matsala, ana ƙoƙarin hura iska a tankuna domin a taso. Bayan kamar minti huɗu wani saƙon ya zo a dagule. An tsinci kalmomin da ke nufin iyakar zurfin da aka yarje wa jirgin, amma abin da ya gabace su bai fita sosai ba. Ga masanin harshe nan ne gizo ke saƙa, domin suna ya iso, aikatau ya ɓace a hanya: jirgin yana kusa da iyakar ne, ko ya kai ta, ko ya wuce ta? Da aka zauna bincike, waɗanda suka saurara ba su haɗu a kan lafazi ɗaya ba. Mutum 129 suka rasu, jirgin yana kwance a zurfin kimanin mita 2,600. Ba tarho ne ya nutsar da Thresher ba, kuma da saƙon ya fita tangaran da wuya ya ceci kowa a irin wannan zurfi. Amma ya nuna ƙwaƙwalwa tana cike giɓi ne da abin da ta saba ji, ranar tashin hankali kuwa abin da ba a saba ji ba ake faɗa.

Ta fuskar nisa kuwa, tuni teku ta nuna karamcinta. A 1944 Maurice Ewing da Lamar Worzel suka gwada wani zato nasu a Tekun Atalantika, cewa a zurfin wajen mita dubu akwai wani falle na ruwa inda gudun sauti ya fi raguwa, sauti da ya shiga cikinsa ba ya taɓa sama ba ya taɓa ƙasa, sai ya yi ta tafiya kamar a cikin kwararo. Suka fasa ƙananan nakiyoyi, aka ji su daga mil 900 na teku. Leonid Brekhovskikh na Rasha shi ma ya gano haka da kansa a 1946. A watan Janairu na 1991 Walter Munk da abokan aikinsa suka saki sauti mai kauri, mai kaɗawa sau 57 kacal a sakan, daga kusa da tsibirin Heard a kudancin Tekun Indiya, aka ji shi a gaɓar Amurka ta gabas da ta yamma bayan tafiyar kusan awa uku ko fiye. Guguwa ta lalata na'urorin kafin kwanakin da aka ɗiba su cika. Manufarsu auna ɗumin teku ce ba aika wasiƙa ba, amma gwajin ya tabbatar da ƙa'idar da duk mai sauraron kiɗan fada ya sani: tambari ya fi sarewa nisa, sarewa ta fi tambari yawan magana. Sauti mai kauri yana tafiya amma ba ya ɗaukar saƙo mai yawa, siriri yana ɗauka amma ruwa yana shanye shi da wuri.

Amsa-kuwwa

Da kwamfuta ta zo, bukata ta sauya daga aika murya zuwa aika lambobi: zafin ruwa, matsayin na'ura, hoto, umarni. Ana auna irin wannan saƙo da abin da za a kira ɗigo a nan, watau ƙwayar saƙo mafi ƙanƙanta, i ko a'a. Na'ura ba ta da ƙwaƙwalwar da za ta cike giɓi, saboda haka amsa-kuwwar da mutum ke jurewa ita ba ta iya jure ta.

Ga yadda abin yake. Sauti ɗaya da aka saki ba hanya ɗaya yake bi ba. Wani sashe ya tafi kai tsaye, wani ya bugi saman ruwa ya dawo, wani ya bugi ƙasa, wani ya yi ta karakaina tsakanin biyun. Kowanne da lokacin isarsa. Alal misali, a ce na ƙarshe ya makara da kashi ɗaya cikin ashirin na sakan, ana kuwa aika alama dubu a kowane sakan, to kowace alama za ta zube bisa alamomi hamsin da ke biye da ita. Daɗin daɗawa, hanyoyin ba sa tsayawa wuri ɗaya, domin igiyar ruwa tana motsa saman teku kullum. Jirgin da ke tafiyar mita ɗaya da rabi a sakan, tafiyar ƙafa ke nan, ya isa ya matse saƙon ko ya miƙe shi da kashi ɗaya cikin dubu, abin da a rediyo ba a ko kula da shi. Ban da wannan ga hayaniyar mazauna wurin, musamman wani irin jatan lande mai ƙyasta ƙafa, wanda tarinsa ke cika ruwan ɗumi da ƙara kamar ana suya.

A shekarun 1980 dabarar da aka fi bi ita ce ta haƙuri: a aika murya ɗaya, a sauya zuwa wata, kada a koma ta farko sai amsa-kuwwarta ta mutu. Tana aiki, amma a hankali. Masana da yawa sun ɗauka teku ba za ta yarda da abin da ya fi haka ba. A 1993 da 1994 Milica Stojanovic da Josko Catipovic da John Proakis, na Jami'ar Northeastern da cibiyar Woods Hole, suka buga sakamakon da ya kawar da wannan zato. Nasu tsarin shi ne a fara da wasu alamomi da mai karɓa ya riga ya sani, daga yadda suka iso a gurɓace sai na'ura ta koyi halin ruwan a wannan lokaci, ta riƙa cire amsa-kuwwar alamomin da suka wuce daga waɗanda ke zuwa, tana gyara lissafinta alama bayan alama. Abin da ya sa aka gaskata su shi ne ba da ruwan ƙirƙira na cikin kwamfuta suka gwada ba, da sautin da aka naɗo a teku ne, a ruwa mai zurfi wajen Kalifoniya da ruwa marar zurfi a gaɓar arewa maso gabashin Amurka. Ta haka aka kai ga ɗigo dubbai a sakan.

Wani abin da gwaje-gwajen suka tabbatar, wanda ya saɓa wa zaton mai karatu, shi ne ruwa marar zurfi ya fi mai zurfi wuya. Aika saƙo daga ƙasan teku zuwa jirgin da ke bisa kai, ko da kilomita huɗu ne, abu ne mai sauƙi, domin hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya. Shi ya sa na'urorin gargaɗin ambaliyar tsunami, waɗanda aka yawaita bayan bala'in Tekun Indiya na Disamba 2004, suke aiki: ma'auni yana kwance a ƙasa yana jin nauyin ruwa, ya aika wa tulun da ke yawo a sama da sauti, shi kuma ya miƙa wa tauraron ɗan'adam. Aika saƙo a kwance cikin ruwa mai zurfin mita biyar ko goma kuwa, sama da ƙasa suna kusa, karakainar ba ta ƙarewa. A wannan ma'auni Gulbin Zamfara ya fi tsakiyar Atalantika tsauri, kuma na watan Agusta mai gudu da laka daban yake da na watan Maris da ya koma gurabe da yashi. Batun bai tsaya a ilmi ba. A watan Satumba na 2024 kwale-kwalen manoma ya kife kusa da Gummi, mutane gommai suka rasu, masu nutso na gari ne suka shiga nema cikin ruwan da ido ba ya gani. Duk na'urar da za a kawo domin taimakon irin waɗannan, shaidar da ta samu a teku ba ta wadatar ba sai an jiƙa ta a gulbin.

Take

Makaɗin kalangu yana fama da irin wannan ƙuncin hanya tun kafin a haifi Colladon. Kalangu ba ya furta baƙi ko wasali, karin sauti da tsawon gaɓa kaɗai yake ɗauka. Kalmomin gida da ƙasa da ruwa da wuta duk karin sama ne a gaɓoɓinsu biyu, ta farko gajera ta biyu doguwa, saboda haka a bakin kalangu ruwa da wuta abu ɗaya ne. Yadda makaɗa suka fita daga wannan shi ne take: jimla ce tsayayya, doguwa fiye da bukata, wadda mai ita da jama'a suka riga suka sani, ana kuma maimaita ta. Mutumin Anka ba sai ya ji kowane bugu ba kafin ya san taken wa ake yi. Rabi ya ishe shi, ko da iska ta tafi da sauran. John Carrington ya bayyana irin wannan tsari a gangunan Lokele na Kwango a littafinsa na 1949, inda kalma guda ke zama doguwar jimla domin kada ta rikice da 'yar'uwarta. Kada a ja kamancen ya wuce iyaka, domin makaɗi al'ada ya gada, injiniya kuwa lissafi ya yi. Amma matsalar ɗaya ce, kuma ciniki ɗaya suka yi: a sayar da yawan magana a sayi tabbacin isarta.

Ana ganin haka ƙarara a JANUS, ƙa'idar da ƙungiyar NATO ta amince da ita a 2017, wadda cibiyarta ta bincike da ke La Spezia a Italiya ta tsara ta kuma gwada a teku shekara da shekaru. Kafin ita kowane kamfani da harshen na'urarsa, ta wannan ba ta jin ta wancan, abin da ke da haɗari ranar da jirgin wata ƙasa zai ceci na wata. JANUS ba ta nemi sauri ba. Tana aika ɗigo 80 ne kawai a sakan, tana tsalle tsakanin muryoyi da ke kewaye da kaɗawa 11,520 domin ta guje wa amsa-kuwwarta, watau ta koma ga tsohuwar dabarar haƙuri. Ainihin saƙonta ɗigo 64 ne, kowane gurbi da ma'anar da aka yarda da ita tun farko, amma kafin a sake shi a ruwa sai an miƙe shi ya zama alama 144, yadda idan wasu sun lalace sauran za su fid da shi. An bayyana tsarinta ga kowa, ba sirrin soja ba ne, domin take ba ya amfani sai an san shi.

Ko da saƙo ya isa cikakke, jinkiri yana nan. Ranar 18 ga Yuni, 2023, ƙaramin jirgin Titan ya nutsa da mutum biyar domin ganin ɓaraguzan Titanic, yana musayar gajerun rubutattun saƙonni da jirgin rakiyarsa ta hanyar sauti. Saƙonsa na ƙarshe, daga zurfin mita 3,300 da ɗoriya, cewa ya yi an saki nauyi biyu. Binciken da hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ta yi ya nuna a jirgin rakiya an fara jin wata ƙara kamar an buga ƙofa, wadda ake kyautata zaton ita ce ta murƙushewar Titan, sa'an nan bayan 'yan sakanni saƙon ya fito a allo. Waɗanda ke zaune a gaban allon suka karanta shi, suka ɗauka jirgin yana ci gaba da sauka lafiya.